Ƙungiyar Tal National ta Yamai: Tarihinta, Salon Kiɗanta da Gurbinta a Nazarin Waƙar Hausa

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin ƙungiyar makaɗan zamani ta Tal National, wadda aka kafa a birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar a shekarar 2000, tare da nazarin salon kiɗanta. An gina nazarin a kan sauraron kundayen waƙoƙinta uku da suka shiga kasuwar duniya, wato Kaani (2013) da Zoy Zoy (2015) da Tantabara (2018), da kuma kallon bidiyon wasanninta, sannan aka auna abin da aka ji da ma'aunan da masana waƙar baka ta Hausa suka shimfiɗa. Muƙalar ta gano cewa salon ƙungiyar ya tsiro ne daga tsarin rayuwarta, domin ba ta da ubangida, kuma abincinta yana fitowa daga dandalin da jama'a ke rawa. Haka kuma ta nuna cewa rabe-raben makaɗa da ake koyarwa a sassan nazarin Hausa ba su tanadi gurbin da ya dace da irin wannan ƙungiya ba.

Fitilun Kalmomi: Tal National, kalangu, rauji, cin gashin kai, waƙar zamani, Nijar

1.0 Gabatarwa

A garin Darki na Ƙaramar Hukumar Wudil, inda mai wannan nazari ya tashi, wanda ya halarci biki a yau zai fi cin karo da manyan lasifiƙoƙi da saurayi guda mai sarrafa na'ura fiye da ayarin makaɗa. Waƙar da ke tashi an riga an gama ta a situdiyo, an tura ta cikin waya a rumfar masu tura waƙa, aikin mai na'ura kawai ya zaɓa ya saki. Kalangu bai ɓace ba, ana jin sa a wurin mahauta da wasu bukukuwa, sai dai ya koma gefe guda, kiɗan zamani kuma ya kama nasa gefen. Wannan rabuwa ta zauna a zukatan ɗalibai har ta zama tamkar doka: na gargajiya shi ne wanda ake kaɗawa da hannu a gaban jama'a, na zamani kuwa shi ne wanda fiyano da kwamfuta ke haɗawa a ɗaki.

Kilomita kaɗan daga Darki akwai karar Wudil, inda ake hada-hadar dabbobi duk ranar Juma'a, cikinsu har da waɗanda suka ƙetaro daga Nijar. Shanu suna ƙetare wannan iyaka, fatake suna ƙetare ta, waƙoƙi ma sun sha ƙetare ta, kamar yadda muryar Sa'adu Bori na Maraɗi ta yi tashe a Arewacin Nijeriya. Nazarin waƙa ne ya fi jinkirin ƙetarewa. Manufar wannan muƙala ita ce ta gabatar wa manazarta wata ƙungiya ta can ƙetaren, wadda ta haɗa kalangu da jitar lantarki a dandali ɗaya, take kuma rera wani ɓangare na waƙoƙinta da Hausa, domin a ga abin da tarihinta da salonta za su ƙara wa fahimtarmu.

2.0 Ma'anar Ƙungiya Mai Cin Gashin Kanta

A Ingila da Amurka akwai rukunin kiɗan da ake kira indi, kalmar da aka gutsuro daga wadda ke nufin cin gashin kai a Ingilishi. Da farko ba ta nufin wani rauji na musamman. Tana nuni ne ga makaɗan da ke fitar da faifansu ta hannun ƙananan kamfanoni, nesa da manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, irin su Universal da Sony da Warner. Daga baya ne kalmar ta ɗauki ma'ana ta biyu, ta zama sunan wani salo na ƙananan ƙungiyoyi masu kaɗa jita. Ma'anar farko ce ta shafi wannan nazari.

Idan aka dawo da batun ƙasar Hausa, tambayar cin gashin kai tsohuwa ce. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa yana da ubangida wanda ke ɗauke da ci da sha da suturarsa, shi kuma ya keɓe masa fasaharsa. Makaɗin sana'a yana jingine da masu sana'ar da yake yi wa kiɗa, kamar yadda mai kalangu ke jingine da mahauta. Makaɗin jama'a irin Mamman Shata ya fi sauran sakewa, amma shi ma kyautar waɗanda yake wasawa ita ce ginshiƙin samunsa. Don haka a wannan muƙala, ƙungiya mai cin gashin kanta na nufin wadda ba ta ƙarƙashin sarki ko attajiri ko ɗan siyasa ko babban kamfani, wadda ke shirya wasanninta, ta ɗauki nauyin naɗar waƙoƙinta, ta kuma nemi masu saye da kanta.

3.0 Tarihin Ƙungiyar

3.1 Yanayin da Ta Tsiro a Cikinsa

Kiɗan zamani na ƙungiya ya samu gindin zama a Nijar ta hanyar da ta sha bamban da ta Arewacin Nijeriya. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta raya ƙungiyoyin Samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke kawo waƙoƙi da raye-rayenta. Bayan haka aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa, aka kuma buɗe cibiyar horar da makaɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Waɗannan matakai sun sa matasa sun saba da ɗaukar waƙar gargajiya su ɗora ta a kan jita da gangunan zamani. Daga wannan yanayi ne aka sami kundin Niamey Twice na Musa Fusi da Sa'adu Bori a 1994, da ƙungiyar Mamar Kassey wadda Yakuba Mumuni ya kafa a 1995.

A Arewacin Nijeriya an taɓa samun irin wannan yunƙuri, musamman ƙungiyar Bala Miller a Kaduna, wadda ta rera waƙoƙin Hausa a kan kayan kiɗan zamani. Sai dai bunƙasar finafinan Hausa a Kano ta karkata akalar zuwa wani wuri. Kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa, fiyano samfurin Yamaha ya ba mutum ɗaya damar kwaikwayon amon kayan kiɗa da dama, kuma tun daga nasarar fim ɗin Sangaya a 1999 situdiyo ta zama cibiyar waƙar zamani. Tal National ta bayyana a Yamai shekara guda bayan haka, ta bi ɗaya hanyar.

3.2 Kafuwa da Tsarin Aiki

Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita. Tarihinsa ya saɓa wa abin da aka saba ji game da makaɗi a ƙasar Hausa, inda kiɗa ke zama gado kuma ake yi masa kallon sana'ar roƙo. Almeida ya taɓa zama ɗan ƙwallon ƙafa, ya yi aikin shari'a a kotu a Yamai, ya kuma zama jakadan gidauniyar kula da marayu ta SOS. Sunan ƙungiyar an ɗauko shi daga hamadar Tal da ke kusa da garin Ngigmi a jihar Difa, aka haɗa shi da kalmar Faransanci mai nufin "ta ƙasa". Wannan suna ya dace da tsarinta, domin ta tattaro makaɗa daga al'ummomin Nijar daban-daban: Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda take gudanar da aikinta. Makaɗanta sun kai goma sha uku, amma kimanin shida ne ke hawa dandali a lokaci guda, sauran suna jiran karɓa. Ta shahara da yin wasa na kusan awa biyar a dare ɗaya, har dare biyar a mako. Idan gayyata biyu ta haɗu a rana ɗaya, sai ta rabu gida biyu, kowane ɓangare ya tafi da sunan Tal National. Da yake babu wani tsayayyen kamfanin rarraba faifai a ƙasar, 'yan ƙungiyar da kansu suka riƙa sayar da faifansu a shataletalen birnin Yamai.

3.3 Daga Yamai Zuwa Kasuwar Duniya

Kundinta na farko, Apokte, ya fita a 2006. A 2008 Almeida ya gayyato wani injiniyan sauti daga birnin Shikago na Amurka mai suna Jamie Carter, wanda ya zo Yamai da kayan aikinsa ya naɗi kundi na biyu, A-Na Waya. Wannan kundi ya samu karɓuwa ƙwarai a cikin gida. Yana da kyau a lura da alƙiblar wannan hulɗa: ƙungiyar ce ta nemo ma'aikaci daga waje, aka yi aikin a garinta, ba wani kamfani ne ya ɗauke ta zuwa Turai ya tsara mata abin da za ta kaɗa ba.

Carter ya dawo a 2011 aka naɗi kundi na uku, Kaani. A 2013 kamfanin FatCat na birnin Brighton a Ingila ya fitar da shi ga kasuwar duniya. FatCat ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa, wanda aka sani da fitar da ayyukan ƙungiyoyi irin su Sigur Rós da Animal Collective, don haka masu sayen faifansa ba su ne aka saba gani a kasuwar kiɗan Afirka ba. Ta wannan ƙofa ce Tal National ta shiga sahun 'yan indi, ta kuma soma zuwa wasa Amurka da Turai. Kamfanin ya sake fitar da Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018. A kundin ƙarshen an gayyaci baƙi biyu: Zara Musa, mawaƙiyar gambarar zamani ta Nijar, da Yonatan Gat, makaɗin jita ɗan asalin Isra'ila, wanda ya sa hannu a waƙar "Entente".

4.0 Salon Kiɗan Ƙungiyar

4.1 Kayan Kiɗa

Kayan kiɗan ƙungiyar ba su da yawa: jitar lantarki, da jita mai kaurin murya wadda ke riƙe gindin kiɗa, da jerin gangunan zamani da mutum ɗaya ke kaɗawa a zaune, sai kalangu. Matsayin kalangu shi ne abin lura na farko. A yawancin waƙoƙin situdiyo na Kano, amon kalangu maɓalli ne a jikin fiyano, ana danna shi ya fito da murya ɗaya wadda ba ta sauyawa. A Tal National kuwa mutum ne ke rataye da shi, yana matse tsirkiya yana sassautawa, muryar tana hawa tana sauka. A ƙasar Hausa wannan hawa da sauka ne ke ba kalangu damar kwaikwayon karin sautin magana, har ya faɗi take ko kirari. A cikin ƙungiyar aikinsa ya fi karkata ga zuga gangunan zamani da cike gurabun da suka bari, amma duk lokacin da aka sakar masa fili, kunnen Bahaushe zai ji ganga ce mai magana.

4.2 Rauji da Saurin Kiɗa

Siffar da ta fi fitowa fili a kiɗan Tal National ita ce sauri da cunkoson amo. Yawancin waƙoƙinta an gina su a kan zagaye mai bugu shida ko goma sha biyu, wanda ake iya raba shi gida biyu ko gida uku. Mai ganga zai kama rabon biyu, mai jita ya kama na uku, sai su riƙa haɗuwa a farkon kowane zagaye suna rabuwa a tsakiyarsa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saurari yadda uwar ganga da 'ya'yanta ke saƙa amo a kiɗan kalangu, ko yadda ƙwarya babba da ƙanana ke yi a kiɗan amada irin na Barmani Coge. Abin da ƙungiyar ta yi shi ne ta mayar da jita ɗaya daga cikin gangunan. Makaɗin ba ya jan dogon amo. Yana tsinkar gajerun jimloli ne yana maimaita su da sauri, ta yadda jitar ke aikin da gurmi ko molo ke yi a hannun makaɗin gargajiya.

Siffa ta biyu ita ce sauyin rauji ba tare da gargaɗi ba. Waƙa tana cikin tafiya sai dukkan makaɗan su tsaya cak a bugu ɗaya, su faɗa wani sabon zagaye, ko su ninka saurin. Masu sharhi a ƙasashen Turai sun kwatanta wannan da wani reshe na kiɗan rok wanda suke dangantawa da lissafi saboda sarƙaƙiyar awonsa. Kwatancen yana nuna abin da kunnensu ya saba da shi ne kawai. Tushen abin yana cikin tsarin aikin da aka bayyana a sama. Makaɗan da ke wasa tare awa biyar a dare, dare biyar a mako, sun san numfashin juna, kuma wanda zai riƙe masu rawa tsawon wannan lokaci dole ya san yadda zai farkar da su idan jiki ya soma sanyi. A cikin kiɗan ana jin ɓurɓushin sukus na Kwango da hayilayif na Gana da Nijeriya da kuma jitar Buzaye wadda Tinariwen da Bombino suka yayata, amma an matse su duka cikin awon gida.

4.3 Jagora da 'Yan Amshi

Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya fayyace tubalan waƙar baka irin su gindin waƙa da ɗiyanta, da dangantakar jagora da 'yan amshi. Waɗannan ma'aunai suna aiki a kan waƙoƙin Tal National har zuwa wani matsayi. Akwai gindi da ake komawa gare shi, akwai jagora mai jefa ɗa, akwai masu karɓa. Bambancin yana wuri biyu. Na farko, amshi ba na muryoyi kaɗai ba ne, domin sau da yawa jita ko kalangu ne ke karɓa wa mawaƙi. Na biyu, jagorancin waƙa yana zagayawa. A ƙungiyar Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo, jagora shi ne ƙungiyar, da sunansa ake kiranta, kuma ba a tunanin ta yi wasa ba tare da shi ba. A Tal National shugaban ƙungiya makaɗin jita ne, mawaƙa suna karɓeɓeniya, sunan da ake kira kuma na ƙungiya ne. Wannan ne ya ba ta damar rabuwa gida biyu ba tare da masu gayyata sun ce an kawo musu jabu ba.

4.4 Harshe da Turke

Ƙungiyar tana waƙa da harsunan Nijar da dama, cikinsu har da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da harshen Buzaye, tare da ratsin Faransanci, kuma wani kaso na waƙoƙinta tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne da ta sake wa tufafi. Sunayen waƙoƙin kansu suna nuna wannan gauraya. A Kaani akwai "Sarkin Fada", sarautar da duk Bahaushe ya sani. A Zoy Zoy akwai "Tenere", sunan hamadar arewa maso gabashin ƙasar, da "Saraounia", wadda ke tuna wa ɗan Nijar Sarauniyar Lugu da ta yi fito-na-fito da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. A kundin 2018 akwai "Duniya", sannan sunan kundin kansa, Tantabara, lafazi ne na kalmar da Daidaitacciyar Hausa ke rubutawa tattabara. Ga mai nazarin karin harshe, wannan kaɗai ƙofa ce.

Zaɓin harsuna da yawa yana da alaƙa da rashin ubangida. Makaɗin fada yana waƙa da harshen fadar da yake yi wa hidima. Ƙungiyar da ke rayuwa da abin da mahalarta wasa suka biya a birni irin Yamai, inda Bazabarme da Bahaushe da Bafulatani da Buzu ke zaune a unguwa ɗaya, dole ta ba kowa rabonsa kafin gari ya waye.

5.0 Gurbinta a Nazarin Waƙar Hausa

Tun daga aikin David Ames da Anthony King na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, har zuwa ayyukan Gusau da na ɗalibansa, an fi rarraba makaɗa ta la'akari da wanda suke yi wa kiɗa: na fada, na sana'a, na maza, na jama'a, na ban dariya. Da waƙoƙin situdiyo suka yawaita sai aka buɗe musu babi na dabam da sunan waƙoƙin zamani. Tal National ba ta zauna daram a ko ɗaya ba. Ta fi kusa da makaɗan jama'a, amma ba wasa mutane ne jarinta ba. Kayan kiɗanta na zamani ne, amma aiwatarwarta irin ta makaɗan baka ce, a gaban jama'a, da hannu, tare da damar tsawaita waƙa ko gajarta ta gwargwadon yadda dandali ya karɓa.

Za a iya cewa ƙungiyar ba ta Hausawa zalla ba ce, don haka ba hurumin sashen Hausa ba ce. Wannan hujja tana da nauyi, domin babu adalci a yi wa ƙungiyar da ta kira kanta ta ƙasa baki ɗaya rawanin ƙabila guda. Amma idan aka bi ta har ƙarshe, za a bar duk wata Hausa da ake rerawa a cakuɗe da wasu harsuna ba mai nazarinta, alhali haka Hausa take rayuwa a Yamai da Agadas da zangon Kumasi. Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙara ma'auni biyu a kan waɗanda ake da su: hanyar da makaɗi ke samun abincinsa, da yanayin da yake aiwatar da kiɗansa. Da waɗannan za a iya ajiye Bala Miller da Sa'adu Bori da Tal National a layi ɗaya, a kuma ga inda suka haɗu da Shata da inda suka rabu da mawaƙan situdiyo.

6.0 Kammalawa

Muƙalar ta bi Tal National daga kafuwarta a 2000 zuwa kundinta na 2018, ta kuma danganta saurin kiɗanta da sauye-sauyen raujinta da zagayawar jagorancinta da yawan harsunanta ga tsarin cin gashin kai da take tafiya a kai. Aikin da ya rage shi ne a rubuta matanin waƙoƙinta na Hausa daga bakin mawaƙan, a nazarci karin harshensu da turakunsu, a kuma gano waƙoƙin gargajiyar da aka ɗauko su daga ciki. Wannan aiki ne da ya dace jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya su yi shi tare da takwarorinsu na Yamai da Damagaram. Akwai kuma darasi ga garuruwa irin Darki, inda mai kalangu da mai na'ura ke halartar biki ɗaya ba tare da sun haɗa kiɗa ba: a Yamai an gwada zaunar da kalangu a tsakiyar kiɗan zamani, a hannun mai kaɗa shi, kuma jama'a sun biya kuɗi sun yi rawa.